Yakan Zo

Bara'atu ta aiko murya daga Turai inda take karatu,
na kara wayar a kunne, ina zaure a Rafindadi,
an ɗauke wuta tun hantsi, fanka ta tsaya cik.
Ta ce, "Baba, yau an taɓa mana harshen mutanen Girinlan,
ƙasar ƙanƙara, inda rana kan yi yaji ta daɗe ba ta leƙowa.

Su in mutum ya saba yin abu,
ba sa ajiye wata kalma a gaban aikatau kamar mu.
Ɗan guntu suke cusawa a tsakiyarsa,
kamar laya da dukawa suka ɗinke cikin fata,
kalmar ta yi tsawo, tana tafe da sabo a cikinta.
Akwai wani guntun kuma na abin da ake ta maimaitawa."

Na yi dariya ni kaɗai.
Shekara talatin da ɗaya ina cin ƙurar alli,
ina jera su a allo: nakan, kakan, kikan, yakan,
yara na amsawa kamar kwaɗi bayan ruwan farko.
Lokaci sabau ke nan, in ce, ku ja masa layi.
Ban taɓa zaton baƙi uku za su tsaya mini a wuya ba,
sai bana, da na zo haɗiyewa.

Yaya Mantau yakan zo ran Alhamis.
Yakan taso daga Ƙofar Marusa a kan tsohon kekensa,
sarƙa takan zame daidai kwanar masu faci,
yakan sauka ya mayar, hannu baƙi ƙirin,
ya goge a gefen wando, ya ce baƙin mai ba ya karya alwala.
Yakan biya 'Yar Kutungu ya sayo farin goro ƙwaya ɗaya,
ya ɓare, ya miƙo mini babban ɓarin,
ya ce ƙaramin ya fi garɗi. Na san ƙarya yake,
na karɓa ba musawa.

Shekara arba'in yana gyaran rediyo,
ya kwance, ya kwakkwance, ya ɗaure, ya ɗaɗɗaure,
na rabin gari sun bi ta hannunsa sun yi magana,
tawa kaɗai ta gagare shi.
Yakan jijjiga ta a kunne kamar mai zaɓen kwakwa,
ya ce, "Sai mako mai zuwa."

Ran Lahadi bayan babbar salla muka kai shi Ɗantakum.
Wata biyar ke nan.

Shekaranjiya sabon maƙwabci ya ga keke jingine a soro,
ya ce na sayarwa ne?
Na ce, "Na yayana ne, yakan zo ran Alhamis."
Sai da ya tafi na ji abin da na faɗa.
Ashe kalmar ba ta halarci jana'iza ba.
Ba ta da jiya, ba ta san gobe ba,
sai ka ɗora mata "a da" a gaba kafin ta yarda an daina,
ni kuwa da na koyar da dubu yadda ake ɗorawa,
harshena ya ƙi ɗaukowa.

Na danna wayar na ce, "Bara'atu, tambayo mini malaminku.
Guntun nan da suke cusawa cikin kalma,
in mai yin abin ya kwanta dama,
farke ɗinkin suke yi su cire,
ko barinsa suke a ciki ya ci gaba da zuwa?"

Ta saurara, na ga alama. Ba ta amsa ba tukuna,
ƙila can dare ne, ƙila kuka take.

Yau Alhamis.
Na aiki Nababa ya sayo goro ƙwaya ɗaya,
na ɓare, na ci ƙaramin.
Ba garɗin da ya fi.
An dawo da wuta bayan la'asar, fanka ta motsa,
rediyon tana can bisa kanta, bayanta a buɗe,
kusoshinta huɗu a murfin kwalba, inda ya zuba su,
ban bari an taɓa ba wajen sharewa.